KARENKU YANA TARI? Ga Yadda Ake Gane Ciwon Da Ke Damunsa

In ana ƙirga dukiyar gida, akan ambaci shanu da tumaki da kaji, ba safai akan tuna da kare ba. Amma a gidaje da yawa shi ne mai gadin da ba ya karɓar albashi. Shi ke kwana a bakin ƙofa sa'ad da kowa ya yi barci, shi ke korar birai daga gonar masara, shi ne kuma ke bin samari farauta da rani. Yara kuwa tun suna rarrafe suke jan wutsiyarsa. Saboda haka in kare ya kwanta ciwo, abin ya shafi gidan duka.

Cikin alamun rashin lafiyar kare, ba wadda ake renawa kamar tari. Wani ya ce ƙura ce, wani ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, wani kuma ya ce a bar shi zai warke da kansa. Wani lokaci hakan yakan zama gaskiya. Amma tari iri-iri ne. Akwai wanda kan wuce cikin mako biyu, akwai wanda kan share 'yan kwikwiyon unguwa guda, akwai kuma ciwon da kan sa kare ya yi kamar an shaƙe shi, wanda zai iya jawo mutuwar mutumin da ya sa hannu a bakinsa. A wannan wata za mu duba yadda ake rarrabe su, da abin da mutanen gida za su iya yi, da abin da sai likita.

Masu Kawo Ciwon

Ƙwayoyin cuta da ke shiga hanci da maƙogwaro da huhu manyan iri biyu ne. Na fari su ne bakteriya. Ana iya ganinsu da madubin likita, akwai kuma magungunan da ke kashe su. Na biyu su ne bairos. Waɗannan sun fi bakteriya ƙanƙanta ƙwarai, madubin likita na kullum ba ya nuna su, kafso da allurar da ke kashe bakteriya kuma ba sa yi musu kome. Sau da yawa bairos ne kan fara shiga ya ƙuje hanyar numfashi, sa'an nan bakteriya su biyo bayansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga manyan cututtukan da ya kamata kowane mai kare ya sani.

Na ɗaya, distempa. Wannan shi ne mafi mugunta a cikinsu, shi ne kuma ya fi damun wuraren da ba a cika yi wa karnuka rigakafi ba. Ɗan'uwan ƙyanda ne na yara, da bushiya ta shanu wadda aka bayyana ƙarewarta daga duniya a shekarar 2011. Likita Edward Jenner na Ingila, wanda ya fara lambar agana, ya rubuta bayaninsa a 1809. A 1905 wani likitan dabbobi na Faransa, Henri Carré, ya tace majinar kare mai ciwo da matacin da bakteriya ba sa iya ratsawa, ya ga ruwan da ya tsiyaye har yanzu yana sa wa lafiyayyun karnuka ciwon. Da haka aka san bairos ne. Har yau a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, kamar Nijar da Kamaru da Chadi, likitoci suna kiransa ciwon Carré, sunan kuwa in an faɗe shi, kunnen Bahaushe "kare" yake ji. Distempa ba ya tsayawa a ƙirji, yakan wuce zuwa hanji da fata da ƙwaƙwalwa. A karnukan da ba su da rigakafi yakan kashe kusan rabi, a 'yan kwikwiyo ma fiye da haka. Ba ya kama mutum, amma yana kama namun daji. A 1994 ya kashe zakoki wajen 1,000 a dajin Serengeti na Tanzaniya, watau kusan kashi ɗaya cikin uku na zakokin wurin.

Na biyu, tarin cunkoso, wanda Turawa ke kira tarin ɗakin karnuka. Wannan ba aikin ƙwaya ɗaya ba ne, taron dangi ne. Akwai bairos mai suna farainfuluwenza, da adinobairos iri na 2, da wata bakteriya mai suna Bodetela, sukan zo ɗai-ɗai ko tare. A 2003 aka gano wani korona na karnuka a Ingila wanda shi ma yana cikin taron, amma dabam yake da koronan da ya dami mutane daga 2019. Tarin cunkoso yana yaɗuwa da sauri ƙwarai, amma ba safai yakan kashe babban kare mai ƙarfi ba.

Na uku, murar karnuka. An fara gane ta a 2004 a jihar Fulorida ta Amurka, a jikin karnukan tsere, aka kuma tarar daga dawakai ta tsallako. Wani irinta kuma daga tsuntsaye ya fito, an gan shi a Koriya ta Kudu a 2007, ya kai birnin Cikago a 2015, inda ya kwantar da karnuka fiye da 1,000. Likita yakan tuna da ita musamman in karen daga ƙasar waje aka kawo shi, ko ya zauna da wanda aka kawo.

Dukansu hanyarsu ɗaya: tari, atishawa, shinshinar juna, ƙwaryar ruwa ɗaya, da hannu ko tufar wanda ya taɓa mai ciwo. Don haka duk inda karnuka suka taru akwai hatsari, ko wurin farautar rani da karnukan ƙauyuka da yawa ke haɗuwa, ko sa'ad da suke bin karya, ko a kasuwar karnuka irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato.

Aikin Mutanen Gida

Kare ba ya magana, ku ne bakinsa. Rabin gane ciwon yana cikin labarin da za ku ba likita. Ku sami takarda, ku sa wani yaro mai hankali ya riƙa rubuta waɗannan abubuwa safe da yamma.

1. Ƙarar tarin. Tarin cunkoso busasshe ne, mai ƙarfi, yana zuwa a jere, a ƙarshe kare ya miƙa wuya ya yi kakari ya tofar da ɗan farin kumfa. Yakan ƙaru in ya yi haushi, ko ya yi gudu, ko ya ja sarƙa. Tarin da ya sauka cikin huhu kuwa mai laushi ne, jiƙaƙƙe, kare yana yinsa kamar yana jin zafi. In akwai waya mai ɗaukar hoto, a ɗauki bidiyonsa yana tarin, gama sau da yawa in an kai shi gaban likita sai ya yi shiru.

2. Hanci da ido. Majina tsararriya kamar ruwa ba ta cika tayar da hankali ba. Amma in ta yi kauri, ta zama rawaya ko koriya, ta bushe a bakin hanci, kwantsa kuma ta manne idanu biyu, a yi tunanin distempa. In hanci ɗaya kaɗai ke zuba, ya fi yiwuwa ciyawa ce ta shiga, ko haƙori ne ya ruɓe.

3. Ci da wasa. Kare mai tarin cunkoso yakan cinye tuwonsa, ya tarye ku a ƙofa yana kaɗa wutsiya, tarin ne kawai ke damunsa. Wanda ya ƙi abinci, ya nemi lungu ya kwanta, ciwonsa ya wuce maƙogwaro.

4. Numfashi. Sa'ad da yake barci, ku dubi haƙarƙarinsa, ku ƙirga sau nawa ya tashi cikin rabin minti, ku ninka biyu. Lafiyayyen kare ba ya wuce 30 a minti. In ya kai 40 ya zauna a can, ko kuwa cikinsa yana bugawa da kowane numfashi, ko ya kasa kwanciya sai dai ya tsaya ya ware ƙafafun gaba, kada a kwana ba a kai shi asibiti ba.

5. Launin harshe. Ku dube shi daga inda kuke sa'ad da yake haki. Ya kamata ya zama ja-ja. In ya koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, iska ba ta isarsa.

6. Zafin jiki. Jikin kare ya fi na mutum zafi, daga digiri 38 zuwa 39 da ɗan kaɗan, na mutum kuwa 37. In ya wuce 39.5 zazzaɓi ne. Ta dubura ake aunawa, da ma'aunin zafi da aka keɓe masa shi kaɗai. Maganar da ake yi cewa sanyin hanci alamar lafiya ce, ba abin dogara ba ce.

7. Inda ya je. Tarin cunkoso yakan bayyana kwana 2 zuwa 10 bayan haɗuwa da mai ciwo, mura kuwa kwana 2 zuwa 4. Ku tuna baya: an kawo sabon kare gidan? Ya je farauta? Karnukan maƙwabta suna tari?

Ciwo Mai Fuska Biyu

Abin da ke ruɗin mutane game da distempa shi ne yadda yake zuwa hawa-hawa. Kwana 3 zuwa 6 bayan shigar ƙwayar, kare yakan yi ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, ya sauka, sau da yawa ba wanda ya lura. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya dawo, tare da kwantsa da majina da tari. Sai amai da zawo su biyo. A wannan lokaci wasu kan mutu, wasu kuma su fara ci, su miƙe, mutanen gida su ce an tsallake.

Amma bayan mako ɗaya zuwa uku, wani lokaci ma fiye, ciwon yakan fito ta wata ƙofa. Sai a ga wata tsoka a ka ko a ƙafa tana fizga ba tsayawa, ko da kare yana barci. Ko kuwa ya riƙa taune-taune baki ba kome, kumfa na zuba, ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Wani ƙafafun bayansa su mutu, wani ya makance. A jikin wasu, fatar tafin ƙafa da ta hanci takan yi tauri ta tsattsage, har a ji tafiyarsu ƙwas-ƙwas a kan siminti. Ɗan kwikwiyon da ya tsira kuwa, haƙoransa na girma sukan fito da ramuka da launin ƙasa-ƙasa, alamar da zai zauna da ita muddin ransa.

A ce gida biyu ne a unguwa ɗaya. A na fari, babban kare ne mai shekara huɗu, an yi masa allurai, ya dawo daga farauta mako guda da ya wuce, yana tari kamar zai tsage amma yana cin abincinsa. A na biyu, ɗan kwikwiyo ne ɗan wata huɗu, an saye shi a kasuwa, ba a taɓa yi masa allura ba, tarinsa ƙasa-ƙasa ne, idonsa cike da kwantsa, jiya kuma ya yi zawo. Na fari ya fi cika kunne, amma na biyu ne ke bakin kabari. 'Yan wata 3 zuwa 6 su ne distempa ya fi kamawa, gama a lokacin kāriyar da suka sha a nonon uwa ta ƙare, tasu kuwa ba ta kafu ba.

Kada A Sa Hannu A Bakinsa

Mai karatu, in ka manta da kome a wannan shafi, kada ka manta da wannan. Haukan kare ba kullum yake zuwa da cizo da gudu ba. Akwai irinsa na shiru, wanda ke shanye maƙogwaro da muƙamuƙi. Kare yakan yi kakari, muryarsa ta canza, bakinsa ya rataya a buɗe, miyau yana dalala, ya kasa haɗiya. Duk wanda ya gan shi zai rantse ƙashi ne ya maƙale. Mai tausayi kuwa sai ya zura yatsu don ya ciro, miyau ya shiga wani ɗan rauni a hannunsa. Kada kuma a ruɗu don an ga ya nufi ƙwaryar ruwa. Tsoron ruwa a jikin mutum ake ganinsa, mahaukacin kare yakan so ya sha, haɗiyar ce ke gagararsa.

Taune-taunen distempa da haukan kare suna kama da juna har likita ma yakan yi hattara. Ba a tabbatar da hauka sai an gwada ƙwaƙwalwar dabbar bayan ta mutu. Saboda haka duk karen da ke zubar da miyau, ko halinsa ya sāke, ko ya fara shanyewa, a rufe shi inda ba mai taɓa shi, a janye yara, a kira likitan dabbobi. In ya ciji wani, ko ya yakushe shi, ko ya lashi rauninsa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar don allura. Karen da ya yi cizo akan tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma kada wanda aka ciza ya zauna jiran kwanakin kafin ya ga likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 59,000 ne wannan ciwo ke kashewa kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, yara kuma suna da yawa a cikinsu. Da zarar alamunsa sun fito a jikin mutum, kusan ba mai tashi.

A Gaban Likita

In kun isa asibitin dabbobi, ku bar karen a waje a inuwa, nesa da sauran, ku shiga ku faɗa. Ku riƙe katin alluransa da takardar da kuka rubuta. Likita zai fara da tambaya: "Maigida, tun yaushe ya fara? Watansa nawa? Akwai wasu karnuka a gidan? Kun ba shi wani magani?" A faɗi gaskiya, ko da kafso aka ɓare aka zuba masa, gama maganin da aka riga aka sha yana iya ɓoye alamu.

Sa'an nan zai auna zafi, ya dubi ido da hanci da tafin ƙafa, ya lalubi kaluluwar wuya, ya sa abin sauraro a ƙirji don ya ji huhu da zuciya. Yakan kuma ɗan matsa maƙogwaro a hankali. In nan take kare ya ɓarke da tari, alama ce bututun iska ya ƙuje, ko da yake wannan kaɗai bai faɗi abin da ya ƙuje shi ba.

Kafin ya ɗora laifin a kan bairos, dole ya kawar da waɗansu abubuwa. Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu suna sa tari. Tsohon kare mai tarin dare, mai saurin gajiya, mai kumburin ciki, sau da yawa zuciyarsa ce ta gaza. Tsutsar ciki tun tana ƙarama takan ratsa ta huhun ɗan kwikwiyo ta sa shi tari. Akwai kuma wata tsutsa da sauro ke sakawa, mai zama a zuciya da jijiyoyin huhu. Haɓo tare da zazzaɓi kuwa yakan sa a yi tunanin ciwon da kaska ke kawowa. Kowanne da maganinsa dabam.

In babban kare ne mai ci, mai kuzari, ba zazzaɓi, likita yakan tsaya a nan ya ce tarin cunkoso ne, a koma gida a yi jinya. Wannan ba ragwanci ba ne, gama sanin sunan ƙwayar ba zai sāke jinyar ba. Amma in karen ƙarami ne, ko ciwon ya yi tsanani, ko tarin ya wuce kwana 10, ko karnuka da yawa sun kwanta tare, sai a wuce ga gwaji.

Abin Da Gwaji Ke Nunawa

Gwajin jini. Ana ƙirga fararen ƙwayoyin jini, watau sojojin jiki. A farkon distempa wani kashi nasu yakan ragu ƙwarai, in kuwa bakteriya sun shiga huhu wani kashin yakan ƙaru. Wani lokaci kuma, ko da yake ba a ganin bairos ɗin kansa, akan ga sawunsa, wasu ƙananan ɗigo a cikin ƙwayoyin jini ko na fatar ido. Ganinsu shaida ce mai ƙarfi, rashin ganinsu kuwa bai wanke kare ba.

Hoton ƙirji. Ba ya faɗin sunan ciwo, amma yana nuna ko huhu ya kamu, ko zuciya ta kumbura, ko akwai abin da ya maƙale.

Gwajin nan take. Wasu asibitocin manyan garuruwa suna da wani ɗan faifai mai kama da na gwajin zazzaɓin cizon sauro. Akan shafo kwantsa ko majina da tsinke mai auduga, a narka a ɗiga, cikin minti 10 a ga layi ɗaya ko biyu. In ya nuna akwai distempa a jikin kare mai alamunsa, akan yarda da shi. In ya ce babu, likita ba ya sakin jiki, gama faifan yana iya kuskure ƙwayar in ba ta da yawa.

Gwajin PCR. Wannan shi ne irin wanda aka yi wa mutane lokacin korona a 2020, shi ne kuma mafi kaifi. Akan shafo cikin hanci da can cikin maƙogwaro da gefen ido, a sa a kwalba, a kai ɗakin gwaje-gwaje cikin ƙanƙara. A can injin yakan nemi ɗan guntun asalin ƙwayar, ya yi ta ninka shi har ya isa a gane shi. Da shafa ɗaya ana iya neman ƙwayoyi da yawa. Amma yana da sharuɗɗa uku. Na fari, lokaci: ƙwayar mura ta fi yawa a hanci cikin kwana huɗu na farko, wanda ya yi jinkiri yana iya samun amsar "babu" alhali akwai. Na biyu, karen da aka yi wa allurar distempa cikin 'yan makonnin nan yana iya nuna "akwai" saboda allurar, don haka ake neman kati. Na uku, akan sami wasu ƙwayoyin a hancin lafiyayyun karnuka ma. Shi ya sa takardar gwaji ba ta yanke hukunci ita kaɗai, sai likita ya gama ta da abin da idonsa ya gani.

Gwajin garkuwa. Akan ɗibi jini sau biyu, mako biyu ko uku tsakani. In makaman da jiki ya ƙera don yaƙar ƙwayar sun ninku huɗu, to, kwanan nan ya gamu da ita. Amsar takan zo a makare ga mai ciwon, amma tana da amfani ga mai karnuka da yawa.

In kare ya mutu ba a san dalili ba, kada a yanka shi, kada a sayar da shi, kada a jefar da shi a juji. A gaya wa likita da wuri, tun gawar ba ta lalace ba. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924 saboda bushiya, tana karɓar irin waɗannan gwaje-gwaje, har da na hauka. Akwai kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i, kamar na Zariya da Maiduguri da Sakkwato. Likitan dabbobi na yankinku ya san yadda ake aikawa.

Bayan An Gane

Ba maganin da ke kashe distempa ko farainfuluwenza kai tsaye. Aikin jinya shi ne a riƙe kare da rai har jikinsa ya ci yaƙin. Likita yakan ba da ƙarin ruwa, da maganin amai, da maganin bakteriya in sun shiga huhu. A gida kuwa, a ba shi wuri busasshe, ba iska mai sanyi, nesa da hayaƙi. A goge masa ido da hanci da tsumma mai ɗumi, gama karen da ba ya jin ƙanshi ba ya ci. A ba shi abinci mai laushi da romo marar albasa da barkono, albasa tana ɓata jinin kare. A cire sarƙa daga wuya, a ɗaura igiyar ta ƙirji. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibufurofen da dikulofenak, gama suna cin cikinsa da ƙodarsa.

A ware shi daga sauran, da ƙwaryarsa da shimfiɗarsa. Mai tarin cunkoso ya ƙara mako biyu a ware bayan tarin ya tsaya, mai mura mako uku zuwa huɗu, wanda ya tashi daga distempa kuwa yana iya yaɗa ƙwayar har wata biyu ko uku. Abin farin ciki, ƙwayar distempa ba ta da ƙarfi a waje, rana da sabulu suna kashe ta. A wanke wurin, a bi da ruwan bilic, awo ɗaya cikin awo 30 na ruwa. Mai jinyar ya fara ciyar da masu lafiya kafin ya je wurin mai ciwo, ya kuma wanke hannu. Jarirai da tsofaffi da masu doguwar jinya su nisanci kare mai tari, gama Bodetela, ko da yake da wuya, tana iya kama wanda jikinsa ba ƙarfi.

Rigakafi Ya Fi Magani

Allura ɗaya ce ke haɗe da kāriyar distempa da adinobairos da farainfuluwenza da ciwon zawon jini na 'yan kwikwiyo. Ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita kowane mako 3 ko 4 har ya kai mako 16, a ƙara ɗaya kafin ya wuce shekara, daga nan sai yadda likita ya tsara. Wanda ya yi ta fari ya tsaya, kamar wanda ya yi danga ne ya bar ƙofa a buɗe. Allurar hauka dabam take, ana yinta a wata uku, a riƙa sabuntawa. A tabbata allurar daga cikin sanyi ta fito, gama wadda ta sha rana a jakar mai yawo ba ta da sauran amfani. Sabon kare kuma ya yi mako biyu shi kaɗai kafin a gama shi da na gida.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin lokacin farauta ya zo, maigida ya nemo katin karensa ya duba ranar allura ta ƙarshe, ya kuma tara yara ya gaya musu cewa duk karen da suka ga yana kakari yana zubar da miyau, ko na gida ne, kada su taɓa shi, su ruga su kira babba.